Kwamfutar da ta ɓuya cikin kayan gida, da wanda ke riƙe da makullinta

Shekaranjiya bayan isha'i kontar kuran ta gidanmu ta fara kukan nan nata, tit tit tit, wanda duk mai kontar kati ya san fassararsa, wato malam kuɗinka sun kusa ƙarewa. Ban ko tashi daga kan tabarma ba, na jawo salula na sayi na jika biyu, mesaji ya shigo da lambobi 20, ina karantawa ɗiyata ƙarama tana dannawa da fitilar waya a hannu guda, tana gamawa kontar ta yi tsit. Sai yarinyar ta juyo ta ce "Baba ƙaƙa aka yi ta san ka biya, ai ba ta da rezo?"

To ashe ba ta buƙatar rezon. Lambobin nan 20 saƙo ne a kulle, kuma makullin da ke buɗe shi kontarka kaɗai ke da irinsa, cikin saƙon akwai yawan kuran da ka saya da mintin da aka sayar maka. Ita kontar sai ta warware, ta duba ko ta taɓa ganin wannan mintin, in ba ta taɓa ba ta ƙara maka, shi ya sa lamba ɗaya ba ta ci sau biyu kuma ta maƙwabcinka ba ta shiga taka. Tsarin daga Afirka ta Kudu ya fito, STS ake ce masa, agogonsa ya fara ƙidayar minti tun 1 ga Janairu 1993, kuma gurbin da aka ware ma ƙidayar minti miliyan 16 da ɗoriya kawai yake ɗauka, ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024, shi ne aka yi ta shela a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu cewa kowa ya shigar da wasu lambobi na musamman kafin ranar in ba haka ba kontarsa ta daina karɓar kati. To abin da ke warware lissafi, ya tuna abin da ya wuce, ya yanke hukunci ya ba ka wuta ko ya hana ka, mi sunansa in ba kwamfuta ba?

Daren nan sai na hau ƙidaya. Salula uku a gidan, kowace da sim biyu, kuma shi sim ɗin da muke cizawa da haƙori mu ciro, shi kansa ƴar kwamfuta ce da ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta. Ga dekodar tele, ga rimot, ga akwatin da ke tsakanin pano da batir yana hana cajin wuce gona da iri, ga injin awon hawan jini na Hajiya, ga katin banki mai ɗan zinariyar nan a jiki, ga rediyo mai cin kati da Hajiya ke jin karatu da ita. Na wuce 15 na bari. Ni ne kuma kullum in an tambaye ni sai in ce ba ni da ordinater.

Abin ga yana da suna a wajen masana, dogon suna ne na Turanci, ma'anarsa dai kwamfuta a ko'ina. Wanda ya raɗa shi wani Ba'amurke ne, Mark Weiser, a 1988, yana aiki a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Kaliforniya. A 1991 ya fitar da maƙala a mujallar Scientific American, kuma jigon maganarsa shi ne fasahar da ta fi kowace tasiri ita ce wadda take ɓacewa, ta saje da rayuwar yau da kullum har a daina ganinta. Misalinsa na farko rubutu ne. Kana tafiya kan kabu-kabu ka ga allon butiki ko lambar mota, ka karanta ba tare da ka ce bari in yi karatu ba, rubutu ya shiga jiki ya zama kamar iska. Misali na biyu motar lantarki, wato ɗan injin da ke juyawa in an ba shi wuta, da can masana'anta guda ɗaya tak gare ta babba tana juya komi da belt, daga baya ya yi arha ya ƙanƙance har ya zama mota guda tana ɗauke da sama da 20 direba bai san da zamansu ba, shi dai ya danna gilashi ya sauka.

Ya ce kwamfuta ma haka za ta bi. Zamanin farko mutane da yawa ne kan inji guda mai cika ɗaki. Na biyu mutum guda da injinsa guda kan tebur, irin zamanin da muke bin layi a siber muna biyan awa. Na uku mutum guda ne injuna ɗaruruwa suna kewaye da shi yana harkarsa bai kula su ba. Shi da abokan aikinsa har sun ƙera samfuri kala uku, ƙarami kamar tafin hannu, matsakaici kamar littafi, babba kamar allon lakkwal, kai ka ce salula da tablet da tele na yanzu suka hango. Bai ga cikar abin ba, ya rasu a 1999 yana da shekara 46. A shekarar ne kuma wani ɗan Ingila Kevin Ashton, yana aiki a kamfanin Procter & Gamble, ya fito da kalmar da ta fi yaɗuwa yanzu, intanet na kayayyaki, shi damuwarsa ma ba wata falsafa ba ce, kaya ne ke ƙarewa a kanta sito bai sani ba, yana so kwalin da kansa ya riƙa faɗin inda yake.

Mi ya sa mafarkin ya tabbata? Arha. Walle duk sauran bayani bayan wannan yake. A 1971 da kamfanin Intel ya fitar da ƙwaƙwalwarsa ta farko mai lamba 4004, ƴan makunnan da ke cikinta, waɗanda ake ce ma taransisto, 2,300 ne. Yau ƙwaƙwalwar babbar salula tana ɗauke da sama da miliyar 10, biliyan kenan a bakin ƴan'uwanmu na Najeriya. Amma ba manyan ne suka kawo juyin ba, ƙananan ne, masu rauni, waɗanda kuɗinsu bai kai na kwanon shinkafa da wake ba, don su ne za ka iya sakawa cikin fitila ko sikeli ko famfo farashin bai motsa ba. Sai aka haɗa ƙwaƙwalwar da gaɓoɓin ji, ƴan na'urorin da ke jin zafi da danshi da motsi da haske, aka ba ta baki na rediyo, ko Bluetooth ko wifi ko sim, wani lokaci a ba ta hannu da za ta buɗe ko ta rufe wani abu. Ƙwaƙwalwa, ji, baki, hannu. Duk abin da ya tara huɗun nan ya daina zama kaya zalla, ya zama ɗan aike.

In ka bi tallan Turai da Amurka za ka ɗauka maganar duk ta firigo ce mai odar madara da kanta da labule mai buɗewa da asuba, ka ce mu ina ruwanmu. Nan ne nake ganin ake yi mana gurguwar fahimta. Abin ya iso Maraɗi tuni, ta ƙofar baya ya shigo, kuma ba ta wajen jin daɗi ya biyo ba, ta wajen kuɗi da wuta da ruwa ya biyo. Ɗan kasuwar da da sai ya ɗaura kuɗi a ƙugu zuwa Yamai ko Zinder yanzu Nita ko Amana ko Al Izza ko Airtel Money yake bi. Mai moto uku huɗu da ya ba yara suna kabu-kabu, wasu sun fara ɓoye ɗan akwati mai sim ƙarƙashin siti, yana zaune runfa yana ganin moton ya nufi hanyar Tibiri ko ta Dan Isa, in ya ga abin da bai gane ba ya tura mesaji injin ya mutu a inda yake.

Je ka gareji ka ga abin kusa. Na kai wata tsohuwar mota irin ta Kwatano tana cin mai tana shaƙewa, ina jiran a buɗe gaba a sa kunne irin na da, sai bakaniken ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya cusa wani ɗan abu kamar akwatin ashana, ya buɗe salularsa mai fasasshen gilashi, minti biyu ya ɗago ya ce "Maigida ba inji ba ne, wani ɗan abu ne mai shinshinar hayaƙi ya mutu yana yi ma ƙwaƙwalwa ƙarya." Ramin nan da ya cusa abin, doka ce ta tilasta shi kan duk motar da za a sayar a Amurka tun 1996 saboda sa ido kan hayaƙi, Turai ta biyo baya, ga shi yau ya zama abin cin abincin wani yaro a Maraɗi. Motar zamani kwamfutoci gommai ne a cikinta suna hira da juna, shi ya sa da aka yi ƙarancin ƴan ƙwaƙwalen nan a 2021 manyan masana'antun mota suka tsaya cik, ƙarfe na nan taya na nan, abin da bai kai farce ba ya hana.

Kuma ba kullum mu ne masu saye ba. Ɗan ƙasar ga, Abdou Maman Kané, shi ya ƙirƙiro ban ruwa daga nesa, manomi ya danna lambobi a salularsa ko da ƴar rakani-masallaci ce, famfon garkarsa mai aiki da hasken rana ya tashi, in ruwa ya isa ya kashe, yana kasuwa ko yana wajen biki. A 2015 ya karɓi babbar kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan na biyu a taron da aka yi a Koriya ta Kudu. Duk wanda ya taɓa ganin masu garkar zogale da albasa na Jiratawa ko na bakin Gulbi suna sammako suna dare don ban ruwa ya san wannan ba wasan yara ba ne, lokaci ne da ƙarfi da kuɗin mai. Wannan shi ne ainihin abin da Weiser yake nufi, ba allo ba madannai, mutum ruwa yake gani yana gudu cikin fangali.

To yanzu bari in zo inda abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Wani kawuna a ƙauye wajen Gidan Rumji ya ɗauki pano bashi wajen wani kamfani, ɗan ƙarami mai fitila uku da wajen cajin salula, ana biya kaɗan kaɗan ta waya. Watanni yana biya lafiya lau, sai damina ta zo kuɗi suka tafi ga taki da ƴan ƙwadago, ya yi kwanaki bai tura ba. Rana tsaka, rana kamar ta fasa kai, akwatin ya ɗauke. Ya kira ni ya ce "Ɗana, rana ta Allah ce, pano na bisa ɗakina, batir cike, to wa ya kashe?" Na ce Kawu akwatin ne ya kashe kansa, an gaya masa in kwana kaza ya wuce bai ga sabuwar lamba ba ya rufe. Ya yi shiru ya ce ashe ɗan sandan a cikin ɗakina yake kwana.

Adalci dai, ba don makullin nan ba babu kamfanin da zai ba talakan ƙauye kaya bashi ba jingina ba takardar albashi, makullin shi ne jinginar. Da wannan dabarar kamfanin M-KOPA ya fara a Kenya tun 2012 ya haska gidajen da ba su taɓa ganin fitilar lantarki ba, kuma yanzu har salula ake bayarwa haka, ka yi lattin biya ta kulle. Ban ce haramun ba ne, ban ce zalunci ne ba. Abin da nake cewa shi ne ma'anar "nawa ne" ta canza ba mu lura ba. Da in ka sayi fitilar ƙwai taka ce har ta fashe. Yanzu kaya na hannunka, izinin aikinsa na hannun wani da ke Nairobi ko Shenzhen ko Kaliforniya.

Ba talaka kaɗai abin ya shafa ba. A 2016 kamfanin Nest, wanda ke ƙarƙashin uwar kamfanin Google, ya rufe saba, wato babbar kwamfutar kamfani da ke can nesa, ta wani akwatin sarrafa kayan gida mai suna Revolv, mutanen da suka saya dala 300 na Amurka suka wayi gari da kwalin roba, ba abin da ya lalace cikinsa, an dai daina amsa masa ne daga can. A 2022 kuma an ba da labarin taraktocin John Deere da sojojin Rasha suka kwashe daga Melitopol a Ukraine suka kai Ceceniya, suna isa suka tarar an kulle su daga nesa. Kowa ya yi dariya ya ce Allah ya ƙara, ɓarawo ya ji kunya. Amma manoman Amurka da suka daɗe suna rigima da kamfanin kan a bar su su gyara taraktarsu da kansu ba su yi dariya sosai ba, sun san hannun da ya kulle ma ɓarawo shi ne ke iya kulle ma mai kaya.

Sai matsala ta biyu, in akwai ƙofar da mai kamfani ke shiga daga nesa, to ɓarawo ma yana nemanta. A 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kamarorin tsaro da akwatunan wifi, ba wata gwaninta, kalmomin sirri kusan 60 ne irin waɗanda ake fitowa da su daga masana'anta take gwadawa, su admin da 12345, kuma ɗaruruwan dubbai suka buɗe. Ranar 21 ga Oktoba aka tara su aka auka ma kamfanin Dyn, wanda ke nuna ma kwamfutoci hanyar zuwa manyan shafukan intanet, su Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka. A ƙarshen shekarar wani ɗan Ingila ya yi amfani da irinta ya dagula intanet ɗin Laberiya, kotu a Landan ta ɗaure shi a 2019. Yanzu ka zaga manyan butikai da gidajen alhazai a Ali Dan Sofo ko Zariya ka ga kamarori ko'ina, ka tambayi mai gidan ko an canza kalmar sirrin da aka zo da ita tun ranar da yaro ya kafa. Kamarar da ka sa don ka ga tsakar gidanka daga Makka, in ƙofarta a buɗe take ba kai kaɗai ke kallon iyalinka ba.

Ko ba ɓarawo ma, su kayan nan tsegumi ne aikinsu. Salularka kullum tana gaya ma eriya mafi kusa ga ni nan, in ba haka ba kira ba zai same ka ba, kuma sim ɗin da katin ɗan ƙasarka aka yi masa rijista. A Janairu 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya duba taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, ya ga zanen sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan ɓaro-ɓaro, sojoji ne ke gudun safe da agogo mai GPS a hannu suna zagaye katanga. Ba wanda ya yi kutse, kowa da hannunsa ya bayar. A 2019 kuma aka gano cewa lasifikar Amazon mai amsa magana, akwai ma'aikata mutane da ke sauraren wani ɓangare na abin da ta naɗa don gyara fahimtarta. Mu nan muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP a Yamai, abu ne mai kyau, amma sabar da bayanan ke kwana galibi ba a ƙasar take ba.

Akwai kuma inda nake ganin Weiser ya yi sara a gefe. Shi nutsuwa ya yi mana alkawari. Shi da abokin aikinsa John Seely Brown sun yi rubutu kan fasaha mai kwantar da hankali, misalinsu wata igiyar roba ce da aka rataya a lungun ofis an haɗa ta da ɗan inji, in hada-hadar kwamfutoci ta yi yawa ta riƙa kaɗawa, in ba komi ta ɗan motsa, ka san halin da ake ciki da wutsiyar ido ba tare da ka bar aikinka ba. Mu mi muka samu? Gurup ɗin zumunci, gurup ɗin unguwa, na ƴan aji, na masallaci, bokal mai minti tara ƙarfe ɗayan dare. Ka shiga fada ka ga samari shida, shayi na tafasa har ya ƙone kowa kansa a sunkuye. Dalili a fili yake, kamfanin da ke cin abinci da talla ba ya so ka manta da shi, ɓacewa asara ce gare shi. Kontar kuran ta fi kusa da mafarkin mutumin ga, ba ta magana sai da dalili.

Duk ginin nan kuma bisa ƙafa biyu yake tsaye, kuran da rezo, mu ko mun san ƙarfin ƙafafun namu. A ƙasar ga kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Wutar Maraɗi ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kowa ya tuna Agusta 2023 da Najeriya ta yanke bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai Maris 2024 aka maido. Cikin wannan Maris ɗin, ranar 14, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse wajen gaɓar Kodebuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga duhun rezo, bankuna suka rikice. Mu da ba mu da teku intanet ɗinmu ta ƙasar wasu yake ratsowa. To ka ɗauka ƙofar gidanka da famfon garkarka da firigon allurar rigakafi na likita duk sai sun tambayi wata saba a Turai kafin su motsa, ran da waya ta katse fa?

Shi ya sa in ana maganar gaba, ni ba 5G ce ke burge ni ba, alhali akwai ƙauyukan da har yau sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya. Abin da nake sa ma ido shi ne hankalin ya sauko cikin kayan da kansa. Da can na'ura ji kawai take yi ta aika can sama a yi mata tunani, yanzu ƙananan ƙwaƙwale sun fara iya ɗaukar ƙirƙirarriyar basira daidai ƙarfinsu. Akwai manhajar Nuru ta PlantVillage daga jami'ar Penn State, ka nuna ma kamara ganyen rogo ta gaya maka cutar da ke jikinsa ba tare da intanet ba. Irin wannan in ya zo kan gero da wake da gujiya, shi ne namu. Akwai kuma rediyon LoRa da aka ƙirƙira a Grenoble ta Faransa, ba ya ɗaukar hoto ko murya, ƴan lambobi kawai, amma yana tafiyar kilomitoci kuma batir guda ya yi shekaru. Ma'aunin zurfin ruwa a rijiya, ma'aunin zafi a rumbun albasa, alama a wuyan sa ko jar akuya a yankin da satar dabbobi ta hana mutane barci kamar wajen Madarunfa, duk ba bidiyo suke buƙata ba, "ina nan" da "na yi zafi" sun isa. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam da ya fara aiki a ƙasar a 2025, zai toshe wani gibin, sai dai shi ma makullinsa na hannun mutum guda a Amurka.

Sai harshe. In kwamfuta za ta ɓace cikin kaya to da baki za a yi mata magana, kuma mutanenmu sun riga sun zaɓa, dubi yadda bokal ya kashe rubutu, tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakkwal ba tana aika saƙo Agadas da Kano da Libiya. Google ya sa Hausa cikin fassararsa tun 2013, amma su Siri da Alexa, masu amsa magana na Apple da Amazon, ba su jin ta, kuma waɗanda suka fara ji Hausar Kano ta littafi suke ji, ka ce masu kuran ko jika ko likita da nufin asibiti su ɓace. Wanda ya tara muryoyin Maraɗi da Tawa da Damagaram ya koya ma inji, shi zai buɗe ƙofar ga mutum miliyoyi, kuma ina fata yaran jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da nake gani suna wasa da allunan Arduino, ƴan ƙwaƙwalen koyon ƙira, su ne za su yi, kada a zo a naɗi muryarmu kyauta a dawo a sayar mana.

Ƙura da zafi ma suna da ƙuri'a. Na'urar da aka gwada a ɗaki mai sanyi, ka kafa ta a Afrilu zafi ya haura 40, hunturu ya zo ya cika ta da ƙura, batir ya kumbura. In ta mutu ina za ta? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abin da ke cetonmu masu gyara ne, yaran nan na bakin kasuwa da ƙarfen narka dalma da gilashin ƙara gani, salular da Bature zai jefar su tashe ta sau uku. Amma sabbin kayan ana liƙe su da gam, wasu in ka canza musu gilashi ko batir ƙwaƙwalwar ta gane ba na kamfani ba ne ta fara ƙorafi.

Kawu dai ya gama biyan bashinsa bayan kaka, aka turo masa lambar ƙarshe wadda ke buɗe akwatin har abada. Bai yi shekara ba batirin ciki ya gaji, akwatin kuma a liƙe yake ba a buɗewa. Ran kasuwa ya kira wani yaro mai gyaran rediyo, yaron ya yanke wayar panon ya haɗa ta da ƙaramin regilater na jika uku da batirin moto. Da na je gaishe shi da salla fitilun uku suna ci, akwatin mai ƙwaƙwalwar kuma na gan shi bakin randa, an danne faifai da shi kada iska ta ɗauke.